Mura ɗaya ta kama mu, ni na warke a gida, Yaya ya kwana tara a asibiti

Baban Safiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure, kuma a yi mini haƙuri da tsawon bayani. A farkon hunturun nan mura ta shigo gidanmu ta hannun yara 'yan makaranta, ta bi kusan kowa. Ni ta kwantar da ni kwana biyu da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na sha farasitamol da ruwan citta, kafin mako ya zagayo na koma kasuwa. Yayana, wanda shekara huɗu kacal ya ba ni, rana ɗaya muka fara atishawa da shi, amma a kwana na biyar sai da muka ɗauke shi ranga-ranga, domin daga ɗaki zuwa banɗaki ma sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Ya kwana tara a asibiti, shida daga ciki da robar oksijin a hanci. Shekararsa goma sha ɗaya yana fama da ciwon suga, ga kuma hawan jini. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, suga a jini yake, mura kuwa hanci da ƙirji take kamawa. Me ya haɗa kifi da kaska?

Alhaji Mai Yadi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina, Malam, ba murar ce ta kai shi asibiti ba, sugansa ne ya tashi, sai abin ya dace da lokacin mura. Tun zamanin korona muke ganin irin wannan: mutum ya shekara ashirin yana jinyar ciwonsa, ranar da Allah ya karɓi abinsa sai a ce wai korona ce. Mura dai mura ce, tun muna yara muke yin ta kowane hunturu, ba mu ji ta kashe kowa ba.

Likita daga Zariya:
Allah ya ƙara sauƙi, Baban Safiya. Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, kuma wannan rabin ne zai kai mu ga ɗaya rabin. Lallai mai yiwuwa ne sugan Yaya ya tashi. To amma me ya tayar da shi a wannan makon, bayan ya shekara goma sha ɗaya yana lallaɓa shi? Duk lokacin da ƙwayar cuta ta shiga jiki, jiki yakan saki sinadaran da ke shirya shi ga faɗa, waɗannan sinadarai kuwa suna sa hanta ta zubo suga cikin jini, suna kuma rage wa insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ƙarfi. Mai lafiya jikinsa yakan ƙara insulin ya daidaita lamarin ba tare da ya sani ba. Mai ciwon suga ba shi da wannan ajiyar, saboda haka sugan sai ya yi ta hawa ko da bai ci komai ba, fitsari ya yawaita, ruwan jiki ya ƙafe.

Daga nan abin yake komawa zagaye. Idan suga ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jini da ke farautar cuta sukan yi sanyi, ba sa isa wurin da ake buƙatarsu da sauri, idan sun isa ma ba sa kashe cutar yadda ya kamata. Ƙwayar murar ta riga ta kankare fatar da ke lulluɓe da hanyoyin iska, ta lalata 'yan gashin da ke share majina zuwa sama, sai bakteriyar da dama take zaune a maƙogwaro ta gangara huhu ta haifar da limoniya. Wannan ne ya sa sau da yawa mutum yakan ji kamar ya fara samun sauƙi a kwana na uku ko na huɗu, sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi tare da haki. Iyayenmu sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Baban Safiya bai tsage ba, na Yaya kuwa suga da hawan jini sun daɗe suna cin sa.

A kan cewa mura ba ta kisa, ya kamata mu raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya. Akwai murar hanci mai sauƙi, akwai kuma mura mai zazzaɓi da ciwon jiki wadda ake kira infuluwenza. Ita ta biyun, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara ta hanyar cutar numfashi kaɗai, kuma tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki su ne kan gaba. Ba mu ji ta kashe kowa ba ne domin a wurinmu ba a gwada ta, sai dai a ce wane ya yi 'yar gajeruwar rashin lafiya.

Alhaji Mai Yadi:
Likita, na ji bayaninka, Allah ya ƙara ilimi. Amma bari in dawo da kai Kano a azumin 2020, domin ina cikin garin, na raka gawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Waɗanda muka binne dattawa ne, kusan kowannensu da ciwon da aka san shi da shi. Ga zafin bazara, ga asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ƙofa, mai hawan jini bai sami likitansa ba, mai suga bai sami maganinsa ba. Ta yaya za a ɗora wa korona laifin abin da kulle ya jawo?

Malamin Lissafi:
Alhaji, a ba ni dama in sa baki, ko da yake ni ba likita ba ne, alli ne sana'ata. Batun rufe asibitoci ba a musa maka shi, ya taimaka wajen asarar rayuka, kuma abin takaici ne. Sai dai a watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi a kan waɗannan mace-mace: mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, an kai ana rasa mutum 43 a rana, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mutuwar mai yiwuwa korona ce ta jawo su ko ta tunzura ciwon da mamatan ke da shi. Ya kuma ce mafi yawansu sun haura shekara 65. Ka ga ke nan rahoton bai saɓa wa abin da idonka ya gani ba, dattawa ne masu ciwo. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, waɗannan dattawa suna nan da sugansu da hawan jininsu a bazarar 2019, kuma an yi zafi a wannan shekarar ma, amma masu haƙar kabari ba su koka ba sai a Afrilun 2020. Wani abu sabo ya shigo ya tarar da su a raunane.

Akwai alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar a Fabrairun 2020, daga mutum 44,672 da gwaji ya tabbatar sun kamu. Cikin waɗanda ba su da wani ciwo, waɗanda suka mutu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Masu hawan jini kashi 6 ne suka mutu, masu ciwon suga kashi 7.3, masu ciwon zuciya kashi 10.5. Cutar ɗaya ce, ƙasar ɗaya ce, jikin da ta tarar ne ya bambanta.

Likita daga Zariya:
Malam ya kawo alƙaluma na gaskiya, amma zan ja masa birki kaɗan domin kada mai hawan jini ya karanta ya kasa barci. Waɗannan lambobi ba a tace shekaru daga cikinsu ba. Mai hawan jini galibi ya manyanta, tsufa kuwa shi kansa ya fi kowane ciwo nauyi a wannan lissafi, domin a rahoton nan ɗin waɗanda suka kai shekara 80 kashi 14.8 ne suka mutu. Binciken da ya biyo baya, wanda ya kwatanta sa'a da sa'a, ya nuna cewa hawan jini shi kaɗai ba ya ƙara haɗari sosai kamar yadda aka zata da farko. Abin tsoro shi ne ɓarnar da ya riga ya yi a ɓoye: zuciyar da ta kumbura, ƙodar da ta raunana, jijiyoyin da suka ƙanƙance. Suga da ba a kula da shi, ciwon ƙoda, musamman masu zuwa wankin ƙoda, ƙiba mai yawa, da raunin garkuwar jiki, su ne suka ci gaba da fitowa fili bayan an tace. A Afirka ta Kudu, binciken lardin da birnin Cape Town yake ya gano cewa cuta mai karya garkuwar jiki tana ninka haɗarin mutuwa da korona kusan sau biyu, tarin fuka ma yana ƙara shi.

Game da zuciya, akwai abin da nake so Alhaji ya duba, domin ya shafi maganarsa kai tsaye. A 2018 an wallafa wani bincike daga lardin Ontario na Kanada wanda ya gano cewa a cikin kwana bakwai na farko bayan gwaji ya tabbatar mutum na da infuluwenza, yiwuwar ya sami bugun zuciya takan ninka kusan sau shida. Zazzaɓi yana sa zuciya gudu, huhu ba ya ba ta isasshen oksijin, kumburi yana sa jini saurin daskarewa. A takardar asibiti za a rubuta ciwon zuciya, kuma ba ƙarya aka rubuta ba, amma wanda ya tura shi ramin bai fito a takardar ba.

Sista Maman Iman:
Ina gaishe da iyaye da malamai. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin maza, kuma abin da zan ƙara ba na littafi ba ne, abin da muke gani ne idan an kawo majinyaci. Sau da yawa murar ba ta yi ɓarna ita kaɗai ba, an taya ta a gida. Mai suga ya kwanta ba ya cin abinci, sai iyali su ce ai tunda ba ya ci a dakatar da allurar insulin kada sugansa ya faɗi, alhali a lokacin ne yake hawa. Sannan a yi ta ɗirka masa zuma da lemun kwalba da maganin tari mai zaƙi don ya sami ƙarfi. Wanda ke kan insulin ba ya daina ta don ya kwanta ciwo; abin da ake so shi ne ya riƙa auna suga bayan kowace sa'a uku zuwa huɗu, ya sha ruwa sosai, ya kira wanda ke duba shi a gyara masa adadi. Mai shan ƙwayar maganin suga ta metfomin kuwa, idan amai ko gudawa suka hana shi riƙe ruwa, shi ne ake iya ce wa ya dakata na ɗan lokaci, shi ma da izinin likita.

Sai haɗin kemis. Ana ƙulla wa mutum ƙwayoyi biyar ko shida a leda babu suna, a ce na mura ne. A ciki akan sami ibufurofen ko diklofenak, waɗanda ke iya durƙusar da ƙodar da dama ta gaji, da maganin buɗe hanci mai tayar da hawan jini, da kuma deksametason. Wannan na ƙarshe ya yi suna ne tun Yunin 2020, lokacin da binciken jami'ar Oxford a Ingila ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da mutane ba su ji ba shi ne, a binciken nan bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Mai suga da ya sha shi a gida don mura, sugansa zai haura, garkuwarsa ta ƙara sauka.

Uwar Mai Sikila:
Sista, Allah ya saka da alheri. Ni damuwata ɗana ne, shekararsa tara, yana da sikila. Duk hunturu nakan rufe shi da rigar sanyi da safa, amma ba na iya hana shi zuwa makaranta, kuma ba ya rabuwa da mura. Kakarsa takan ce in yi masa sirace da tazargade in bar shi ya huta. Yaushe zan san cewa abin ya wuce na gida?

Likita daga Zariya:
Hajiya, ga yaro mai sikila ƙa'idar ta fi ta kowa tsauri, kuma ina roƙon ki gaya wa Kaka haka cikin ladabi. Da zarar zafin jikinsa ya kai maki 38, asibiti za a kai shi a ranar, ba gobe ba. Dalili shi ne saifar masu sikila takan daina aiki tun suna ƙanana, ita ce kuwa ke tace bakteriyar limoniya daga jini. Na biyu, idan mura ta rage oksijin a huhu, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyin huhun, toshewar ta ƙara rage oksijin, wasu ƙwayoyin su ƙara lanƙwashewa. Wannan ciwon ƙirji yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila, kuma yana iya tsananta cikin sa'o'i. Ciwon ƙirji, numfashi da sauri, tari da zazzaɓi, ko tafin hannu ya yi fari fat, duk ba na jira ba ne. Sirace yana iya buɗe hanci, amma ba ya isa inda matsalar take, ga kuma haɗarin ƙuna da ruwan zafi. Ki tabbata ya sami rigakafin limoniya, wanda aka fara shigarwa cikin rigakafin yara a Najeriya tun ƙarshen 2014, ki kuma tambayi asibitin sikilar da kuke zuwa ko yana buƙatar ƙari.

Hajiya daga Damagaram:
Ina yi wa kowa sallama daga Nijar. Na ji ana ta maganar suga da hawan jini, ba a ambaci irinmu ba. Ni ban taɓa shan taba ba, amma na shekara arba'in a gaban murhun itace, yanzu tari ba ya barina, kuma likita ya ce huhuna ya yi kama da na mashayin taba. Da na je aikin Hajji na dawo da tarin nan da kowane alhaji ke dawowa da shi, abokan tafiyata suka warke cikin mako biyu, ni kuwa na yi wata biyu ban iya hawa matakala ba.

Likita daga Zariya:
Hajiya, kin taɓo inda muke da sakaci. Hayaƙin itace da gawayi da kara a ɗakin girki marar taga yana ƙuntata hanyoyin iska a hankali, kuma mata ne suka fi ɗaukar wannan nauyi a ƙasar Hausa, gefen Najeriya da gefen Nijar. Haka wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, tabon yana nan a huhu. Mai lafiyayyen huhu yana da rara mai yawa, ko mura ta cinye wani kaso ba zai ji a jikinsa ba sai in ya yi gudu. Ke kuwa da abin da ya rage kike numfashin yau da kullum, don haka ko kaɗan aka taɓa sai ki ji. Ƙurar hunturu tana ƙara ta'azzara lamarin.

Tunda kin ambaci Hajji, a Saudiyya ne aka gano cutar numfashin nan mai alaƙa da raƙuma a 2012, wadda ta kashe kimanin kashi 35 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar sun kamu, kuma masu suga da ciwon ƙoda da ciwon huhu ne ta fi kayarwa. Hukumomin lafiyar Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi rigakafin infuluwenza kafin tafiya, kuma ga irinki wannan shawara ba ta ado ba ce. Takunkumin fuska a cikin cunkoson ɗawafi da jifa ma yana da amfani.

Ɗalibi Mai Asma:
Likita, ranka ya daɗe, ni fa? Tun ina ƙarami nake da asma, kuma wannan muhawara ta fara ba ni tsoro.

Likita daga Zariya:
Kwantar da hankalinka, ɗana. A korona an yi zaton masu asma za su fi kowa shan wuya, sai aka ga wanda asmarsa ke ƙarƙashin kulawa bai fi sauran mutane shiga haɗari sosai ba. Sai dai murar hanci da infuluwenza su ne suka fi tayar da asma. Kada ka ajiye abin shaƙarka na kullum don ka ji sauƙi, kuma idan mura ta kama ka har kana buƙatar shuɗin abin shaƙa kafin sa'a huɗu ta cika, ka nemi asibiti.

Alhaji Mai Yadi:
To, Likita, na sauko daga rabin dokina, amma ban sauko duka ba. Har gobe ina cewa da an bar asibitoci a buɗe a 2020, da yawa daga cikin dattawan nan da sun tsallake. Tambayata ta ƙarshe: na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin tun lokacin korona, tana aljihun mota. A dogara da ita?

Sista Maman Iman:
Baba Alhaji, a kan asibitoci ban ga wanda ya yi jayayya da kai ba. Na'urar tana da amfani, idan ta nuna 92 ko ƙasa da haka mutum yana zaune, a tafi asibiti. Amma kada lamba mai kyau ta ruɗe ka, domin wani bincike daga jihar Michigan ta Amurka a ƙarshen 2020 ya gano cewa ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan sau uku fiye da farar fata. Yatsa mai sanyi da lalle mai duhu ma suna iya rikita ta. Idan mutum ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ko ya fara rikicewa, ko fitsari ya ɗauke, ko zazzaɓi ya tafi ya dawo, a bar na'ura a ɗauki mukullin mota. Ga mai ciwo a jiki kuma, gara a je tun kwana biyun farko, domin maganin infuluwenza irin su Tamiflu a cikin sa'a 48 na farko ya fi aiki.

Baban Safiya:
Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Da na karanta maganar Sista jikina ya yi sanyi, domin mu ne muka ce Yaya ya ajiye allurarsa kwana uku tunda ba ya cin tuwo, kuma ni da hannuna na kai masa kwalbar zuma. Ya dawo gida yanzu, amma sugansa bai koma yadda yake ba, an ƙara masa adadin allura, kuma har yau a zaune yake sallah. Wani abu kuma: jiya da na je karɓo masa magani na miƙa hannu aka auna ni, na'ura ta nuna 160 bisa 100. Ni da nake cewa ni ne mai lafiyar gidan. Akwai ragowar ƙwayoyin hawan jinin Yaya a gida, in fara sha kafin in ga likita?

Sista Maman Iman:
A'a, Malam, kada ka taɓa maganin Yaya, domin an zaɓa masa shi ne bisa yanayin sugansa da ƙodarsa. Awo ɗaya da aka yi maka kana tsaye a kemis bayan ka sha rana ba ya yanke hukunci. Ka sami na'ura, ka zauna ka huta minti biyar, ka auna safe da yamma har kwana bakwai, ka rubuta a takarda ka kai wa likita, a haɗa maka da gwajin suga da na ƙoda tunda abin yana gidanku. Idan kana shan wani maganin mura mai buɗe hanci a kwanakin nan, ka faɗa masa sunansa, ko ka tafi da kwalin.